Idan Irin Tumatir da Tattasai Ya Fara Lalacewa a Cikin Gida, a Fara Duba Saiwa

Tun da irin zamani na fakiti ya yi tsada, masu lambu da yawa sun daina watsa shi a fili inda kaji, ƙadangaru da ruwan sama mai ƙarfi za su raba shi. Sai a shuka shi a baranda, a zaure ko a bakin taga, cikin tire mai ramuka, kofunan roba, gwangwanaye ko ledar fiya wata. Makon farko komai lafiya, tsiro ya fito ya buɗe kunne biyu. Daga nan sai a wayi gari wasu sun kwanta, wasu sun yi ɗorawa, wasu kuma sun tsaya cak ba gaba ba baya. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a irin wannan lokaci shi ne butar ruwa, bayanta kuma taki. Sau da yawa su biyun ne ke ƙarasa irin.

Ganye ba ya faɗin gaskiya duka. Tsiron da ƙishi ya kama yana yaushi, wanda ruwa ya yi wa yawa ma yana yaushi, kuma a ido kamanninsu ɗaya. Don haka kafin a zuba komai, a sadaukar da tsiro ɗaya daga cikin marasa lafiyar. A ɗora yatsu biyu a saman ƙasar, karan ya shiga tsakaninsu, a kifa kofin a tafin hannu, a bubbuga gindinsa har ƙasar ta fito a dunƙule. Lafiyayyar saiwa fara ce tas, tana da ƙwari, da 'yan gashi-gashi a jikinta, ƙasar kuma tana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya sauka a kai. Saiwar da ruwa ya kashe tana komawa ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, ta yi laushi, idan aka ja ta da yatsa sai ɓawonta ya zame ya bar wani siririn zare, ƙasar kuma tana tsami ko warin kwata. Idan ko sama a jiƙe yake amma tsakiyar dunƙulen busasshe ne ƙamas, to ruwan da ake zubawa ba ya isa inda ake bukatarsa. Minti biyu wannan dubawa ke ci, kuma ita ce za ta nuna wace hanya za a bi.

Ruwan da ya yi yawa

Saiwa tana numfashi. Iskar da take shaƙa tana cikin 'yan ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma idan ruwa ya cika kafofin nan ya zauna kwana biyu ko uku, saiwar sai ta shaƙe ta fara mutuwa. Saiwar da ta mutu ba ta jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi alhali ƙasa tana caɓa-caɓa. Mai raino ya ga yaushi ya ƙara ruwa, abin ya ƙara taɓarɓarewa.

A cikin gida wannan ya fi saurin faruwa fiye da a lambu. Babu rana mai ƙarfi, babu iska mai kaɗawa, tsiron kuma ƙarami ne, abin da yake sha a yini bai taka kara ya karya ba. Kofin da zai bushe cikin yini ɗaya a tsakar gida yana iya yin kwana uku ko huɗu da danshi a cikin ɗaki. Shi ya sa dokar nan ta ban ruwa safe da yamma, wadda ta dace da fangalin lambu a bazara, ba ta da wurin zama a nan. Ba a ba iri ruwa da agogo. A tura yatsa har gaɓar farko, kimanin santimita 1 zuwa 2. Idan da sanyi da danshi, a bar shi sai gobe. A tire mai ƙananan ramuka inda yatsa ba zai shiga ba, a saba da nauyinsa: a ɗaga shi bayan an ba shi ruwa ya tsane, a ji nauyin, sai a riƙa ɗagawa kowace safiya. Ranar da ya yi shafal, ranar ce ta ruwa. Tsinken tsire ma yana aiki, a soka shi har ƙasa a zaro, idan ya fito da ƙasa manne da shi akwai sauran ruwa.

Sauran alamomin yawan ruwa su ne gansakuka kore a saman ƙasa, farar fumfuna kamar auduga, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa ya faɗi, da wasu ƙuraje-ƙuraje a bayan ganyen tumatir ko tattasai, waɗanda ba cuta ba ce, ruwa ne ya fi ƙarfin abin da ganyen ke fitarwa. Sai kuma wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe masu kama da sauro da ke tashi idan an taɓa kofin. Su kansu ƙudajen ba sa ɓarna, tsutsotsinsu ne ke cin saiwa a cikin ƙasa, kuma ba sa rayuwa sai inda danshi ya daɗe. Idan aka bar saman ƙasa yana bushewa tsakanin ban ruwa da ban ruwa, aka barbaɗa busasshen yashi mai kaurin rabin santimita, yawansu zai ragu.

Idan saiwar da aka duba da sauran fari a jikinta, irin zai farfaɗo. A dakatar da ruwa, a zubar da wanda ya taru a faranti ko daron da ke ƙarƙashi, a ɗora kofunan a kan tsakuwa ko sanduna biyu yadda iska za ta ratsa ta ƙasa, a kai su inda akwai hasken safe. Wanda ya jiƙe sharkaf za a iya zare shi a dunƙule a ajiye kan tsohuwar jarida ko kwali na awa ɗaya ko biyu ya tsotse ruwan, sannan a mayar. Kada a sa taki a wannan hali ko kaɗan. Saiwar da ta ji ciwo taki ƙona ta yake yi.

A duba gindin mazubin kuma. Kofi ko leda yana bukatar huda 3 ko 4 masu faɗin da fensir zai kusa shiga, ƙusa mai zafi tana yin su da kyau. Hudar allura toshewa take yi. Akwai masu zuba tsakuwa a ƙasan kofi wai don ruwa ya wuce, to wannan ba ya taimakawa. Ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa, sai ya taru a samanta, wato ya ƙara matsowa kusa da saiwa, ga wurin da aka rage wa tsiron.

Cutar kwanciyar iri

Wannan ita ce ta fi cin rai, domin dare ɗaya take yi. Jiya tsiro a tsaye, yau ya kwanta, ganyensa kore shar amma karan daidai inda ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya zama kamar zare, ya yi ruwa-ruwa ko ya yi duhu. Wani lokaci ma tun kafin ya fito take ruɓar da ƙwayar, sai a ɗora wa mai sayar da iri laifi. Ƙwayoyin cuta ne dangin fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa, masana suna kiran manyansu Pythium, Rhizoctonia da Fusarium. Danshi mai yawa, rashin iska da cunkoson tsiro su ne abin da suke so, shi ya sa ta fi ɓarna a rainon damina, wajen Yuli zuwa Satumba, da kuma irin da aka rufe da leda aka manta ba a buɗe ba bayan ya tsiro.

A bambanta ta da ɓarnar ƙwari. Gyare, tsutsa da ɓera yankan kara suke yi, za a ga an datse shi, wani lokaci saman ma babu. Cutar kuwa ba ta yanka, tsukewa take sawa, kuma tana yaɗuwa daga wuri ɗaya zuwa maƙwabta kamar da'ira.

Wanda ya kwanta ya tafi, babu maganin da zai tayar da shi. A cire shi tare da ƙasar da ke kewaye da shi da cokali, a zubar nesa, kada a jefa cikin takin da ake tarawa. Sauran a rage musu ruwa, a rage cunkoso ta hanyar datse raunana da almakashi maimakon tugewa, a buɗe taga ko a kunna fanka a hankali na 'yan awoyi. Idan rabin tire ya tafi, sake shuka a sabuwar ƙasa ya fi jinyar ragowar, musamman tumatir da ke tsirowa cikin kwana 5 zuwa 10. Kafin a sake amfani da tiren, a wanke ƙasar da ta maƙale da sabulu, a jiƙa shi minti 30 a ruwan bilic irin Hypo ko Jik, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, a ɗauraye sosai a shanya. Irin fakiti da ya zo da launin ja, shuɗi ko kore an riga an shafa masa magani, kada a wanke shi, kuma a wanke hannu bayan an taɓa. Irin da aka cire a gida kuwa ana iya shafa masa maganin kariyar iri irin Apron Star bisa ma'aunin da ke jikin fakitin.

Ita kanta ƙasar

Yawancin abin da ake kira matsalar ruwa, matsalar ƙasa ce. Ƙasar da ke ba da amfani a gona ba lallai ta yi a kofi ba. Laka ta fadama idan aka zuba ta a mazubi tana danƙarewa, ta riƙe ruwa kamar kwaɓaɓɓen gini, in ta bushe kuma ta yi ɓawo mai tauri a sama wanda ƙaramin tsiro ba zai iya fasawa ba. Turɓayar tsakar gida ita ma haka, laushinta ya yi yawa. Rairayi zalla kuma ruwa wucewa yake yi, babu abinci a cikinsa.

Haɗin da ke aiki a kofi da leda shi ne kwano 2 na ƙasar sama mai kyau, kwano 1 na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, kwano 1 na yashin rafi mai tsakin-tsaki ko buntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba. A tankaɗe duka da rariya mai manyan ido. A ɗebo ƙasar daga inda ba a noma tumatir, tattasai, gauta ko dankalin Turawa ba a shekarun baya-bayan nan, domin cututtukansu ɗaya ne, har da ƙananan tsutsotsin nan da ido ba ya gani masu sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Tire mai ƙananan ramuka ya fi son abu mara nauyi, kamar kashi 3 na garin ɓawon kwakwa, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, kashi 1 na babbakakken buntu. Garin ɓawon kwakwa yakan zo da gishiri a jikinsa, don haka a jiƙa shi a tsiyaye ruwan sau biyu ko uku kafin a haɗa, kuma a sani shi kaɗai ba shi da abincin da zai riƙe tsiro.

Gwaji biyu za su nuna ko haɗin ya yi. A yayyafa masa ruwa a damƙi cikin hannu a matse: ya kamata ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu kawai ya fito, in an taɓa shi da yatsa ya warwatse. Sannan a cika kofi a zuba ruwa: ya nutse nan take ya fara fita ta ƙasa cikin ƙasa da minti ɗaya. Idan ya kwanta a sama yana kallon mutum, a ƙara yashi ko buntu. Wajen cika mazubi a bubbuga shi a ƙasa sau biyu ya zauna, ba a danna shi da babban yatsa.

Taki ɗanye shi ne babban mai laifi na biyu bayan ruwa, musamman kashin kaji. Yana da zafi da gishiri, yana fitar da iskar nan mai hawa kai irin ta tsohon fitsari. Irin da aka shuka a kansa ko dai ya ƙi fitowa, ko ya fito bakin ganyensa ya ƙone, saiwarsa gajeriya mai jan baki. Takin da ya isa amfani ya yi baƙi, ya yi sanyi, ba ya wari, ba a gane asalin abin da aka tara. Wannan yakan ɗauki wata 3 ko fiye ana juyawa ana yayyafa ruwa. Ƙasar bola tana da ƙarfi, amma tana zuwa da toka, gawayi, batir da ruwan wanki, ba ta dace da jaririn tsiro ba. Garin katako ɗanye kuma yana kwashe sinadarin naitirojin yayin da yake ruɓewa, tsiro ya zauna fari-fari ba girma. Toka kaɗan ba laifi a gona, amma a kofi tana sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, alhali tumatir da tattasai sun fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, yake tsakanin 6.0 da 6.8.

Wanda cutar kwanciya ta taɓa yi wa ɓarna ya turara ƙasarsa. A jiƙa haɗin ya yi danshi, a zuba a rabin duro ko tsohuwar tukunyar da ba a girki da ita, a rufe, a hura wuta madaidaiciya har tururi ya ratsa ko'ina, a bar shi minti 30 a zafin da ya kai wajen digiri 80. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya binne ƙaramin dankali a tsakiya. In ya dahu, ƙasar ta yi. Turarawa ake so kamar dambu, ba suya ba, domin ƙasar da aka ƙona a bushe tana fitar da abubuwan da ke cutar da tsiro. A bar ta ta huce ta sha iska 'yan kwanaki a rufe da buhu mai tsabta. Mai lokaci yana iya shimfiɗa jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya lulluɓe ta da farar leda mai nuna ciki a ranar Maris ko Afrilu na mako 4 zuwa 6.

Ƙishi, da ruwan da ba ya shiga

A hunturu da bazara abin yakan juya. Busasshiyar iska tana ƙafar da ƙaramin ramin tire cikin rabin yini, haka ma ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. Garin ɓawon kwakwa da takin da suka bushe ƙarau suna janyewa daga jikin kofi, suna kuma ƙin karɓar ruwa. Sai a zuba, ya bi ta gefe ya fita ta ƙasa, mai raino ya ɗauka ya ƙoshi, alhali tsakiya ko ɗigo bai samu ba. Maganinsa shayarwa ta ƙasa: a zuba ruwa mai zurfin santimita 2 a daro ko faranti, a tsoma gindin kofunan minti 15 zuwa 20 har saman ƙasar ya yi duhu, a cire a bar su su tsane. Wannan hanya ta fi kowace dacewa da ƙananan tsiro ko da babu matsala, domin kara da ganye ba sa jiƙa, ƙwaya kuma ba ta tonuwa. In za a zuba ta sama, a huda murfin gorar roba da allura a mayar da ita abin yayyafi. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau da yawa kuwa yana hana saiwa nutsewa; gara a ba shi ya ƙoshi har ya fita ta ƙasa, sannan a jira. Da safe ake ba da ruwa, don ganye da saman ƙasa su sha iska kafin dare.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Wasu rijiyoyi da burtsatse ruwansu na da zartsi. Alamarsa farin busasshen abu kamar kanwa a saman ƙasa da bakin kofi, bakin ganye yana ƙonewa, sabon ganye yana fitowa ɗorawa amma jijiyoyinsa kore, wanda ke nuna tsiron ya kasa jan sinadarin ƙarfe. A kankare farin, a ratsa kofin da ruwa mai daɗi ninki biyu ko uku na girmansa ya wanke gishirin, sannan a koma ruwan sama in an tara. Ruwan famfo mai warin magani a tare shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana. Ruwan wanke-wanke da na wanki ba na iri ba ne, haka ruwan jarkar da ta wuni a rana ta yi zafi.

Yunwa, sanyi da duhu

Tsiro yana rayuwa da guzurin da ke cikin ƙwayarsa har ya fitar da ganyen gaskiya na farko, wato wanda ke biyo bayan kunnuwan nan biyu. Kafin nan ba ya bukatar taki. Bayan nan, idan saiwa fara ce lafiyayya, ƙasa ba ta jiƙe da yawa ba, amma ganyen ƙasa yana ɗorawa girma kuma ya tsaya, to yunwa ce. A narka cokalin shayi 1 a shafe, kimanin giram 5, na NPK 15:15:15 a lita 5 na ruwa, a bar shi ya narke a tace, a ba da shi sau ɗaya a mako a kan ƙasa mai danshi. Kada a barbaɗa ƙwayar taki a kofi, kuma a nisanta yuriya daga jaririn tsiro.

A Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare a Kano, Zariya ko Jos ke sauka ƙasa da digiri 15, bayan ganyen tumatir da karansa sukan yi shuni-shuni. Saiwa ce ta kasa jan sinadarin fosfaras saboda sanyi, ko da akwai shi a ƙasar. A ɗauke kofunan daga kan siminti a ɗora kan katako ko kwali, a matsar da su daga bakin taga da dare, a rage ruwa. Da ɗumi ya dawo launin zai gyaru. Sanyin nan yana jinkirta tsirowa ma. Tattasai yakan ɗauki kwana 8 zuwa 14, attaruhu har mako 3, don haka kada a yi ta kwarara ruwa wai don ya yi sauri, ruɓewa zai yi. A tuna zurfin shuka kuma: rabin santimita zuwa 1 ya isa. A bazara kuwa zafin da ya haura digiri 35 yana hana tumatir fitowa da kyau, baƙar leda a rana tana dafa saiwa.

Tsiron da ya yi tsawo siriri, fari-fari, yana karkata wajen taga, haske yake nema, babu ruwa ko takin da zai gyara shi. Ɗakin da mutum ke ganin yana da haske, duhu ne a wurin tumatir. Da zarar ya ɓullo yana bukatar rana ta awa 5 zuwa 6, wadda ta fi dacewa ita ce ta safe a gefen gabas. Ana iya rataya farin ƙwan lantarki na LED santimita 10 zuwa 15 a samansa na awa 14 zuwa 16, amma inda wuta ba ta da tabbas, fitar da tire da safe a dawo da shi kafin rana ta take ya fi sauƙi. Tumatir da ya riga ya zanƙale ana canza masa kofi a binne karan har kusa da kunnuwan farko, zai fitar da sabuwar saiwa a jikin karan. Tattasai da attaruhu ba su cika yin haka ba, a binne su kaɗan kawai.

Wani lokaci kuma babu abin da ya lalace, wuri ne ya ƙare. Idan aka kifa kofi aka ga saiwa ta nannaɗe kamar gammo, ƙasa tana bushewa cikin 'yan awoyi, lokacin dashe ya yi ko ya wuce. Tumatir yakan isa dashe a mako 3 zuwa 4 da ganyen gaskiya 4 ko 5, tattasai da attaruhu a mako 6 zuwa 8. Kwana 7 zuwa 10 kafin ranar a fara saba musu da waje: awa 2 a ranar farko a inuwa mai haske, ana ƙarawa kullum, ana ɗan rage ruwa ba tare da an bar su sun yi yaushi ba. Ranar dashen a ba su ruwa su ƙoshi awa ɗaya ko biyu kafin a cire, a zare su da ƙasarsu a dunƙule, a dasa da la'asar sakaliya.